Daga Zauren Majalisa Zuwa Indabo: Tarihin Siyasar Alhaji Kabiru Alhassan Rurum

Indabo gari ne na manoma a ƙasar Wudil, kuma ɗaya ne daga cikin mazaɓu 10 na wannan ƙaramar hukuma, tare da irin su Utai da Darki da Achika da Lajawa da Kausani. Tsakanin watan Mayu na 2019 da watan Mayu na 2024, watau cikin shekara 5 kacal, sau 4 doka tana sauya wa mutanen wannan gari masarautar da suke ƙarƙashinta. An ɗauke su daga Kano an kai su Gaya, kotu ta komar da su Kano, aka sake mayar da su Gaya, daga bisani kuma aka dawo da su Kano. Ba su ƙaura ba, gonakinsu ba su gusa ko taku ɗaya ba. Abin duk ya faru ne a zauren Majalisar Dokoki ta Jihar Kano da kuma zauren Babbar Kotu.

Mutumin da ke kan kujerar Shugaban Majalisa a ranar da aka fara wannan sauyi shi ne Alhaji Kabiru Alhassan Rurum, wakilin Rano. Mutanen Indabo ba su taɓa jefa masa ƙuri'a ba, domin mazaɓarsa dabam, tasu dabam, ko da yake Rano da Wudil duka suna cikin ƙananan hukumomi 16 na mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta Kano ta Kudu. Amma aikin da ya shugabanta ya iske su har ƙofar gida. Saboda haka tarihin siyasarsa abin dubawa ne ga duk mai son ya san iyakar ƙarfin ɗan majalisar jiha, da kuma inda rauninsa yake.

KUJERU 40

Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 91, ya ƙayyade cewa majalisar dokokin jiha ba za ta gaza wakilai 24 ba, ba kuwa za ta wuce 40 ba. Kano ta kai wannan iyaka ta sama. Da yake ƙananan hukumominta 44 ne, sai aka haɗa waɗansu biyu-biyu a kujera guda: Kura da Garun Malam, Tofa da Rimin Gado, Bagwai da Shanono, Tsanyawa da Kunchi. Wudil tana da kujerarta ita kaɗai, haka ma Rano.

A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, lokacin da ba a cire Jigawa daga jihar ba, wakilan majalisar Kano 138 ne. Wannan bambanci yana da ma'ana. A majalisa mai mutum 40, ƙuri'a 21 ta isa a zartar da shirin doka ko da kowa ya halarta, kuma mutum 27, watau kashi biyu cikin uku kamar yadda sashe na 92 ya nema, sun isa su tuɓe Shugaban Majalisa. Mutum 27 kuwa ba su fi ƙarfin falo guda ba. Wannan lissafi shi ne mabuɗin fahimtar abin da ya sami kujerar shugabancin majalisar Kano daga 2015.

ZAƁEN 2015

Alhaji Kabiru mutumin Rurum ne, a ƙaramar hukumar Rano, kuma yana riƙe da sarautar Turakin Rano. Sunansa ya fito fili a faɗin jihar bayan zaɓen ran 11 ga watan Afrilu na 2015, lokacin da jam'iyyar APC ta share fage a Kano. A wannan zaɓe Dr. Abdullahi Umar Ganduje ya sami ƙuri'a 1,546,434, shi kuwa Malam Salihu Sagir Takai na PDP ya sami 509,726, kuma APC ta kwashe kujerun majalisar jiha duka 40. Wakilin Rano yana cikin waɗanda suka yi nasara, kuma da majalisar ta zauna a watan Yuni, 'yan'uwansa wakilai suka zaɓe shi Shugabansu.

Wanda ya dubi majalisar da babu ɗan hamayya ko ɗaya a cikinta zai zaci zaman lafiya ya samu. Ba haka ta kasance ba. A watan Maris na 2016 ɓaraka ta fito fili tsakanin Gwamna Ganduje da tsohon maigidansa, Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso. Akasarin wakilai, tare da Shugabansu, suka bi Gwamna, kaɗan suka tsaya da jar hula. Daga nan hamayya ta koma cikin gida, kuma kamar yadda aka sani, rikicin cikin gida ya fi na waje wuyar kashewa.

BINCIKEN SARKI DA MURABUS

Jarrabawa ta farko ta zo a watan Mayu na 2017. Majalisa ta kafa kwamiti na mutum 8 don ya binciki waɗansu ƙorafe-ƙorafe a kan Mai Martaba Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu, waɗanda suka shafi kuɗin masarauta da kuma kalaman da Sarkin yake yi a bainar jama'a. Kafin kwamitin ya kai ko'ina, Gwamna ya aiko wa majalisa da takarda yana roƙon a dakatar, yana mai cewa manyan ƙasa sun sa baki, cikinsu har da Muƙaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, da Alhaji Aminu Dantata, da Alhaji Aliko Dangote. Ran 22 ga watan Mayu majalisa ta amince, aka jingine binciken.

Ba a jima ba sai wani rahoto ya bazu cewa wai Shugaban Majalisa ya karɓi Naira miliyan 100 daga Alhaji Aliko Dangote don a kashe maganar. Alhaji Kabiru ya musanta, kamfanin Dangote shi ma ya musanta. Magana ce ta zargi, kuma a matsayin zargi ta tsaya, amma ta isa ta girgiza kujerar. Ran 3 ga watan Yuli na 2017 ya miƙa takardar murabus, Mataimakinsa Injiniya Hamisu Ibrahim Chidari ya karanta ta a zaure. Nan take wakilai suka zaɓi Alhaji Yusuf Abdullahi Ata, wakilin Fagge, wanda yake Shugaban Masu Rinjaye, ya maye gurbinsa.

Abin lura shi ne ya bar shugabanci ne kawai, bai bar majalisa ba. Ya koma kujerarsa ta wakilin Rano, yana zaune tare da mutanen da suka sauya shi.

KOMAWA KUJERA

Sabon Shugaban bai sami sararawa ba. A watan Mayu na 2018 aka yi yunƙurin tuɓe shi, har ta kai 'yan sanda sun rufe harabar majalisar, sai da Gwamna ya shiga tsakani. Sulhun bai yi ƙarko ba. Ran 30 ga watan Yuli na 2018, kwanaki kaɗan bayan Sanata Kwankwaso ya bar APC ya koma PDP, wakilai suka haɗa adadin da Tsarin Mulki ya nema, suka tuɓe Alhaji Yusuf Ata, suka sake ɗora Alhaji Kabiru Rurum. Wata 13 ke nan tsakanin saukarsa da komawarsa.

Wannan zama na biyu bai kai shekara guda ba, amma a cikinsa ne manyan al'amura biyu suka faru. Na farko ya zo a watan Oktoba na 2018, sa'ad da jaridar Daily Nigerian ta Malam Ja'afar Ja'afar ta fitar da hotunan bidiyo da ta ce suna nuna Gwamna yana karɓar daloli daga 'yan kwangila. Gwamna ya musanta, ya ce hotunan ƙirƙira ne. Majalisa ta kafa kwamiti na mutum 7 a ƙarƙashin Alhaji Baffa Babba Ɗan'agundi, ɗan jaridar ya bayyana a gabansa, Gwamna kuma ya aiko Kwamishinan Watsa Labarai, Malam Muhammad Garba, ya wakilce shi. A watan Disamba Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke hukunci cewa binciken laifi irin wannan aikin 'yan sanda ne da hukumomin yaƙi da cin hanci, ba na majalisa ba. A nan binciken ya tsaya.

Ɗaliban ilmin mulki za su lura cewa sashe na 128 ya ba majalisar jiha ikon bincike, amma manyan bincike biyu da majalisar Kano ta fara a 2017 da 2018 babu wanda ya kai ƙarshe. Ɗaya roƙon manya ya tsayar da shi, ɗaya kotu.

DOKAR KWANA UKU

Al'amari na biyu shi ne wanda ya shafi Indabo. Ran Litinin 6 ga watan Mayu na 2019 aka karanta wata takardar koke a zauren majalisa, wadda ta fito daga wani ofishin lauyoyi, tana neman a ƙirƙiro sababbin masarautu a jihar. Ran Laraba 8 ga watan majalisa ta zartar da dokar, kuma a wannan rana Gwamna ya sa mata hannu. Tsarin Mulki ya ba Gwamna kwana 30 ya yi nazari kafin ya sa hannu a kan doka, amma wannan ba ta kwana ba.

Dokar ta raba Masarautar Kano gida 5: Kano, Rano, Gaya, Ƙaraye da Bichi, kowace da Sarki mai daraja ta ɗaya. Alhaji Tafida Abubakar Ila ya zama Sarkin Rano, Alhaji Ibrahim Abdulƙadir Sarkin Gaya, Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu Sarkin Ƙaraye, Alhaji Aminu Ado Bayero kuma Sarkin Bichi. Ƙasar Wudil, da Indabo a cikinta, ta faɗa ƙarƙashin Gaya.

Masu goyon bayan dokar suna da hujjarsu. Sun ce Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Gaya da Ƙaraye suna da sarakunansu tun kafin Jihadi. Sun ce masarauta guda ta yi wa ƙananan hukumomi 44 kaɗan, kuma kafa fada a waɗannan garuruwa zai jawo musu asibiti da hanya da kasuwa. Ga mutumin Rano, wannan tsohon buri ne ya cika, kuma ɗansu ne yake kan kujera ran da ya cika.

Masu suka kuwa suka ce an yi dokar ne don a rage wa Sarki Sanusi ƙarfi saboda saɓanin da ke tsakaninsa da Gwamna, musamman bayan zaɓen Gwamna na watan Maris na 2019, wanda sai da aka je zagaye na biyu kafin Dr. Ganduje ya yi nasara da ƙuri'a 1,033,695 a kan 1,024,713 na Alhaji Abba Kabir Yusuf.

A ƙasar Wudil matsalar ta fi ta ko'ina sarƙaƙiya. Wudil mazaunin Makaman Kano ne, daga zuriyar Joɓawa waɗanda tushensu yake Utai, maƙwabciyar Indabo. Makama kuwa ɗaya ne daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano su 4, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Da dokar ta fito sai ya zamana gundumomin waɗannan hakimai duka sun fita daga Masarautar Kano: Dawakin Tofa ta Madaki da Dambatta ta Sarkin Bai sun koma Bichi, Wudil ta Makama da Gabasawa ta Sarkin Dawaki Mai Tuta sun koma Gaya. Watau masu zaɓen Sarkin Kano sun wayi gari suna mulkin ƙasar da ba ta Kano ba. Su huɗun suka kai ƙara kotu.

Ga talakan Indabo wannan ba maganar fada ce kawai ba. Mai unguwa yana bin dagaci, dagaci yana bin hakimi, hakimi yana bin Sarki. Ta wannan tsani ake naɗa dagaci, ake sasanta rikicin iyakar gona da na manomi da makiyayi, ake isar da sanarwar rigakafi da ta ganin wata. Har ila yau daga kuɗin ƙananan hukumomi ake cire kason da ake tafiyar da majalisun masarautu. In aka sauya kan tsanin, sai kowane mataki ya motsa.

Ran 21 ga watan Nuwamba na 2019, Mai Shari'a Usman Na'abba na Babbar Kotun Jihar Kano ya rushe dokar, bisa dalilin cewa majalisa ba ta bi ƙa'ida ba wajen yin ta, tun da ta ginu ne a kan koken da wani na waje ya kawo. Kotun ba ta ce majalisa ba ta da ikon ƙirƙirar masarauta ba. Hanyar da aka bi ita ce ta ƙi. Gaggawa, in ji Hausawa, aikin Shaiɗan. Gwamnati ta sake aiko da shirin doka ta hanyar da ta dace, majalisa ta tara a ƙarƙashin Alhaji Abdul'aziz Garba Gafasa, wakilin Ajingi, ta zartar da shi, aka sa hannu ran 5 ga watan Disamba na 2019. Ran 9 ga watan Maris na 2020 gwamnati ta tuɓe Sarki Sanusi, aka naɗa Alhaji Aminu Ado Bayero Sarkin Kano.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A 1981 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya ɗaga darajar sarakunan Rano da Gaya da Ƙaraye da Dutse da Auyo. A watan Yuli na wannan shekara takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero ta jawo tarzomar ran 10 ga watan, wadda a cikinta aka kashe Dr. Bala Muhammad, mai ba Gwamna shawara kan harkokin siyasa. Da Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya hau mulki a 1983, ya soke abin da Rimi ya yi. Duk wanda ya san wannan tarihi ya san cewa masarautar da gwamnati ɗaya ta kafa ba tare da yardar kowane ɓangare ba, wata gwamnatin tana iya rushe ta.

ZAƁEN 2019 DA NA 2023

Lokacin da aka zartar da dokar masarautu, Alhaji Kabiru Rurum ya riga ya ci wani zaɓen. Ran 23 ga watan Fabrairu na 2019 mutanen Rano da Bunkure da Kibiya suka zaɓe shi wakilinsu a Majalisar Wakilai ta Tarayya a ƙarƙashin APC. Saboda haka dokar ta zo ne a makonnin ƙarshe na zamansa a majalisar jiha, kuma a watan Yuni ya wuce Abuja.

A watan Mayu na 2022, bayan da Gwamna Ganduje ya nuna Dr. Nasiru Yusuf Gawuna a matsayin wanda zai gaje shi, da Alhaji Murtala Sule Garo a matsayin mataimaki, manyan 'yan APC da dama daga Kano ta Kudu suka fice. Alhaji Kabiru yana cikinsu. Ya shiga NNPP, jam'iyyar Sanata Kwankwaso, mutumin da suka rabu da shi a 2016. Ran 25 ga watan Fabrairu na 2023 ya sake cin kujerar Rano da Bunkure da Kibiya, wannan karon da alamar kwandon kayan marmari maimakon tsintsiya. A zaɓen Gwamna na ran 18 ga watan Maris, Alhaji Abba Kabir Yusuf ya sami ƙuri'a 1,019,602, Dr. Gawuna ya sami 890,705, kuma NNPP ta ci kujeru 26 a majalisar jiha, APC ta tashi da 14.

Ga lissafin ke nan: zaɓe 3 a jere, 2015 da 2019 da 2023, duka ya yi nasara, biyu a APC, ɗaya a NNPP. Masu yabonsa suna cewa wannan shaida ce mutanensa shi suke bi, ba jam'iyya ba. Masu nazari kuwa suna tunatarwa cewa a duk zaɓen nan uku, jam'iyyar da ya tsaya a cikinta ita ce ta ci Gwamnan Kano a wannan shekara. Ko ƙarfinsa ne yake rinjayar da iska, ko kuwa gwanin sanin inda iska za ta kaɗa ne, maganganun biyu suna iya zama gaskiya lokaci guda.

ABIN DA AKA GINA YA RUSHE

Ran 23 ga watan Mayu na 2024 majalisar jiha, a ƙarƙashin Alhaji Jibrin Isma'il Falgore, ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, aka kuma mayar da Malam Muhammadu Sanusi na Biyu gadon sarauta. Alhaji Aminu Ado Bayero bai amince ba, ya sauka a gidan Sarki na Nasarawa, shari'a ta ɓarke a kotunan jiha da na tarayya. A watan Yuli na 2024 aka yi wata dokar da ta kafa masarautu 3 masu daraja ta biyu a ƙarƙashin Kano: Rano mai ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya, Gaya mai Gaya da Ajingi da Albasu, sai Ƙaraye mai Ƙaraye da Rogo. Wudil ba ta cikin ko ɗaya, don haka bisa wannan doka Indabo ta koma Kano kai tsaye.

Abin mamaki a nan shi ne jam'iyyar da Alhaji Kabiru ya taimaka wa ta ci zaɓe a 2023 ita ce ta rushe babban aikin da aka fi saninsa da shi. Kafin ƙarshen 2024 ya nesanta kansa da tafiyar Kwankwasiyya a fili, a 2025 kuma ya koma APC, a lokaci guda da Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu. Sashe na 68 da na 109 na Tsarin Mulki sun ce wakilin da ya bar jam'iyyar da ta kai shi majalisa zai rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta haɗe da wata. Da wannan togaciya ta rabuwar jam'iyya masu sauya sheƙa suka saba kafa hujja.

ABIN LURA

Daga watan Yuni na 2015 zuwa watan Disamba na 2020, sau 5 ana zaɓen Shugaban Majalisar Kano: Rurum, Ata, Rurum, Gafasa, sannan Chidari. A wannan tsakani babu ranar da majalisar ta tsaya ta ƙi Gwamna a kan wata babbar magana. Wannan ya sha bamban da Kaduna ta 1981, inda majalisa mai rinjayen NPN ta tuɓe Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ran 23 ga watan Yuni. Waccan ta yi amfani da ƙarfinta har ya yi yawa, wannan kuwa ƙarfinta a kan shugabanninta ya ƙare. Ba ɗaya daga cikinsu da ta dace da abin da masu tsara Tsarin Mulki suka nufa.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman na ofishin majalisa da Ma'aikatar Shari'a, hukuncin Mai Shari'a Na'abba ya nuna cewa ƙa'idojin karatu na ɗaya da na biyu da na uku, da aikin kwamiti, da sauraron ra'ayin jama'a, su ne ke riƙe doka in an kai ta gaban alƙali. Magatakardan da ya tunatar da shugabansa ƙa'ida ya yi masa hidima fiye da wanda ya yi shiru.

Ga mai ƙuri'a kuma, a Indabo ko a Rurum, ran zaɓen Gwamna akan ba shi takarda biyu. Akasarin mutane hankalinsu yana kan ta farko, ta biyun kuwa sai su dangwala wa jam'iyyar da suka riga suka zaɓa ba tare da sun tambayi sunan ɗan takara ba. Alhali wanda ke bayan wannan takarda ta biyu shi ne zai zauna cikin mutum 40 da ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, suke tantance Kwamishinoni, suke kuma da ikon sauya wa gari Sarkin da zai kai wa gaisuwar Salla cikin kwana 3. Ya kamata a san sunansa tun kafin a shiga layi, a kuma tambaye shi yadda ya jefa ƙuri'arsa a zaure in ya dawo neman wata.